Ɗaurin talala a cikin sel: yadda za ka bi furotin mataki-mataki har ka tabbatar shi ne igiyar

Wata ƙanwata da ke ajin ƙarshe a bayokemistiri ta turo min saƙo wajen sha ɗaya na dare, wai an ba ta semina a kan furotin ɗin da ke ɗaure mitokondiriya da ER, wasu sassa biyu na cikin sel, ta karanta takardu sun kai goma amma kanta sai ƙara ɗaurewa yake, wannan ya ce furotin MFN2 igiya ce wancan ya ce sam ba ita ba ce, ta ce Yaya wa zan yarda da shi a cikinsu. Na ce mata ki kwantar da hankalinki, matsalar ita ce kina karanta amsoshi alhali ba ki riƙe ma'aunin da ake auna amsar da shi ba. Na yi mata bayani ta murya har cajina ya kusa ƙarewa, daga baya na ga gara in zauna in rubuta shi tsaf saboda na san ba ita kaɗai ba ce, duk shekara sai an samu masu wannan tambayar.

Kafin komai sai ka goge hoton nan na littafin sakandare daga kanka, wanda aka zana mitokondiriya can gefe ita kaɗai kamar ƙwayar wake a cikin tukunyar ruwa, Golji can wani lungu, kowa yana harkarsa. Cikin sel cunkushe yake kamar kasuwa ranar cinta, shi kuma ER, wato endofilasmik retikulum, yaɗo yake yi irin na kabewa, babu lungun da bai leƙa ba, yana taɓa mitokondiriya, yana taɓa laisozom, yana taɓa feroksizom, yana taɓa tantanin da ya kewaye sel ɗin gaba ɗaya. A wuraren da suke haɗuwa tantani biyu kan matso kusa da juna, tazarar yawanci nanomita 10 zuwa 30, amma ba sa narkewa su zama ɗaya, kowa yana nan da halinsa. Ni abin da na fi kwatanta shi da shi shi ne ɗaurin talala. An kafa turke, an ɗaura igiya, akuya tana da ɗan sararin motsi amma ba za ta wuce iyakar igiyar ba. Furotin ɗin da muke magana a kai shi ne igiyar, don haka daga nan zan riƙa ce masa furotin ɗin talala.

Ba sabon abu ba ne ganin wannan kusanci. Tun 1956 Bernhard da Rouiller suka ga ER manne da mitokondiriya a hantar ɓera da maikiroskof na lantarki, amma shekaru da yawa mutane suna ɗauka cunkoso ne kawai ko kuma sharrin yadda aka sarrafa naman. Sai a 1990 Jean Vance ta ware wani yanki na ER da ke biyo mitokondiriya duk inda aka ja ta, ta nuna akwai enzayim masu haɗa maiƙo a cikinsa, shi ne abin da ake kira MAM yau.

Mataki na farko: tantance wace irin talala ake nufi

Nan ne mutane da yawa ke fara ɓata, saboda kalma ɗaya ake amfani da ita ga abu biyu. Akwai talalar da ke cafko 'yar jakar kaya, wato besikil, ta jawo ta kusa da inda za ta sauke, sannan furotin ɗin SNARE su karɓa su narkar da tantanin biyu su haɗe. Irin wannan su ne EEA1 da ke kan endozom, dogo ne sosai ya haura nanomita 200, yana aiki da Rab5, da su goljin da ke kan Golji, da kuma manyan gungu irin su eksosist mai ɓangare 8 da HOPS mai ɓangare 6. Waɗannan ƙarshen aikinsu haɗewa ne. Ɗaya nau'in kuma, wanda shi ne namu a yau, riƙewa kawai yake yi, babu haɗewa, ana musayar kaya ta tsakani kamar maƙwabta biyu da ke miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Duk takardar da ka ɗauka ka fara tambayar kanka, a ƙarshe tantanin biyu haɗewa za su yi ko kuwa? Amsar ita za ta gaya maka a wane gida kake.

Mataki na biyu: nemo turken kowane ɓangare

Wannan da laftof ɗinka da ɗan data za ka yi shi, ba ka buƙatar lab ko kaɗan, kuma ni a ganina shi ne matakin da ya fi buɗe kai. Igiyar da ba ta kama ɓangare biyu ba ai ba talala ba ce, don haka aikinka shi ne ka nuna da me furotin ya riƙe tantanin farko, da me kuma ya riƙe na biyu.

Buɗe UniProt, rumbun bayanan furotin da ke intanet, ka rubuta sunan furotin VAPB na mutum, lambarsa O95292. Za ka ga amino asid 243 ne kacal. Sauka wajen da aka nuna sassansa, za ka ga a farkonsa akwai wani dunƙule da ake kira MSP yana kallon ruwan cikin sel, a tsakiya akwai sashe mai murɗewa, a can ƙarshen wutsiyarsa kuma akwai ɗan gajeren yanki mai gudun ruwa da ya nutse cikin tantanin ER. To wannan wutsiyar ita ce turke. Shi kuma MSP shi ne hannun da yake miƙawa waje yana jiran wanda zai kama. Abin da yake kamawa wani ɗan gajeren jeri ne mai suna FFAT, wanda Loewen da Levine suka bayyana a 2003, ma'anarsa fenil'alanin biyu a cikin unguwar amino asid masu asid, asalin tsarinsa EFFDAxE, wannan x ɗin kowane amino asid zai iya zama. Yanzu buɗe OSBP na mutum, wani furotin mai ɗaukar maiƙo, kwafi jerinsa ka zuba a duk inda kake rubutu, ka nemi EFFDA, za ka gan shi ɓaro-ɓaro, EFFDAPE. Yi haka da CERT, shi ma mai ɗaukar maiƙo ne, za ka samu EFFDAVE. Wallahi ranar da na fara yin wannan da hannuna daɗin da na ji ba kaɗan ba ne, abin da nake haddacewa kamar karatun aku sai ga shi a gabana harafi-harafi. Amma ka sani akwai FFAT da yawa da ba su bi asalin tsarin sak ba, wasu ma sai an liƙa musu fosfet suke fara aiki, don haka rashin ganin EFFDA bai isa ka yanke hukunci ba.

Da ka saba da wannan za ka lura salon ɗaurin bai wuce kala uku ba. Wani lokaci furotin biyu ne, kowa da turkensa, suka riƙe hannun juna a tsakiya, kamar VAPB a kan ER da PTPIP51 a kan tantanin waje na mitokondiriya, ko Nvj1 da Vac8 a yis da ke ɗaure cibiyar sel da bakiyol. Wani lokaci furotin ɗaya ne ya kafa turke a ER ya miƙa hannu ya kama maiƙon ɗaya tantanin kai tsaye, haka E-Syt ke yi, sassansa na C2 suna kama PI(4,5)P2 da ke tantanin wajen sel. Sai kuma wanda ba shi da turke nasa na kansa, hannu biyu gare shi kawai, kamar OSBP, FFAT ɗinsa ya riƙe VAP, wato dangin su VAPB, a ER, sashensa na PH kuma ya riƙe maiƙon PI4P a Golji. Ɗauki takarda da biro ka zana layi biyu, ka zana furotin ɗinka a tsakani, in ka kasa nuna inda ya kama sama da inda ya kama ƙasa to da sauran aiki. Daga nan ka leƙa AlphaFold, shafin da ke hasashen siffar furotin, ka ga siffarsa, ka tambayi kanka shin tsayinsa ma zai iya cike tazarar? Sassan da ba su da tsayayyar siffa, waɗanda ke fitowa kamar zaren taliya a hoton, kar ka raina su, sau da yawa su ne igiyar kanta.

Mataki na uku: me ake miƙawa ta wurin?

Sel ba ya ɗaure abu a banza. Abu biyu ne suka fi yawa, maiƙo da kalsiyam. Maiƙo ba ya son ruwa, ba zai fita daga tantani ya yi iyo zuwa wani ba, ita kuma mitokondiriya ba ta cikin layin motocin besikil, to ta ina za ta samu? Ta wurin talala. Misalin da ya kamata ka haddace shi ne, ana haɗa fosfatidilserin a ER, a miƙa shi mitokondiriya, can wani enzayim ya cire masa kabon dayoksaid ya koma fosfatidil'etanolamin, wani kaso ya dawo ER, a hanta kuma enzayim ɗin PEMT ya ƙara masa metil uku ya zama fosfatidilkolin. Ka ga kaya sun je sun dawo.

Masu ɗaukar maiƙon su ma salo biyu gare su. Akwai masu ɗiba da ludayi, ɗaya bayan ɗaya, OSBP kenan, kuma nasa ma ban sha'awa ne domin ba ya dawowa hannu rabbana, yana kai kolestarol Golji ya ɗauko PI4P ya kawo ER inda enzayim ɗin Sac1 zai farfasa shi, wannan farfasawar ita ke ba cinikin ƙarfin ci gaba, rukunin Bruno Antonny suka nuna haka a 2013. Akwai kuma masu aiki kamar indararo, VPS13 da ATG2, dogaye masu kwari a tsakiya mai gudun ruwa, maiƙo na gangarawa ta ciki daga wannan tantani zuwa wancan, lab ɗin Pietro De Camilli a Yale ya taka rawa sosai wajen fito da wannan tun daga 2018.

Kalsiyam kuma labarinsa na kusanci ne zalla. Ƙofar da ke shigar da shi cikin mitokondiriya, MCU, ba ta buɗewa da ɗan kaɗan, sai ya taru da yawa, kuma taruwar nan ba ta samuwa sai daidai bakin IP3R inda ER ke fesar da shi, shi ya sa IP3R da VDAC1, ƙofar da ke tantanin waje na mitokondiriya, suke fuskantar juna, furotin Grp75 na tsakaninsu. Idan tazarar ta yi faɗi saƙo ba ya isa, idan ta matse fiye da kima ko ɗaurin ya yi yawa kalsiyam ya cika mitokondiriya har ya kai ga mutuwar sel. Ka riƙe wannan da kyau, yawan ɗauri ba shi ne lafiya ba. Sannan a 2011 Friedman da abokan aikinsa a lab ɗin Gia Voeltz sun nuna ER na naɗe mitokondiriya daidai inda za ta rabu biyu.

Abin lura a nan, furotin zai iya zama a wurin yana aikin miƙa kaya ba tare da shi ne ke riƙe tantanin ba. Mai shago a bakin gada daban, gadar daban. Da yawa kuma suna haɗa biyun.

Mataki na huɗu: ka gan shi a wurin, amma kar ido ya yaudare ka

Nan zan ɗan daɗe domin nan aka taɓa kama ni. Lokacin da nake gabatar da aikina na digiri na biyu, na sa wani hoto daga wata takarda, ER kore, mitokondiriya ja, inda suka hau kan juna ya yi ruwan ɗorawa, na nuna da sanda na ce ga wuraren haɗuwa nan. Wani dattijon malami da ke zaune a gaba ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya ce ɗana, maikiroskof ɗin da ya ɗauki hoton nan iya nanomita nawa yake iya rarrabewa? Na ce wajen 200 zuwa 250, Malam. Ya ce to tazarar da kake magana a kai nawa ce? Na ce 10 zuwa 30. Bai ƙara cewa komai ba ya mayar da tabaransa. Wannan tambayar ta gyara min karatu fiye da littafi guda, abu biyu za su iya zama nesa da juna ninki goma na tazarar talala amma hoton haske ya nuna maka su a haɗe. Ruwan ɗorawa alama ce ta a bincika, iyakarta kenan.

To da me ake gani na gaskiya? Maikiroskof na lantarki shi ne alƙali. Da shi ne Csordás da Hajnóczky a 2006 suka ga zaruruwan talalar da kansu, suka auna wajen nanomita 10 a ER mai santsi da wajen 25 a ER mai raibozom. Akwai kuma dabaru na haske da aka ƙera don su zagaye matsalar. PLA na amfani da antibodi biyu, kowanne na manne wa furotin ɗin da aka nufa, in sun kusanci juna ƙasa da wajen nanomita 40 sai ɗigo ya haska, kai kuma ka ƙirga ɗigo, sai dai ingancinsa ya rataya ne a kan ingancin antibodin, dole ka gwada da antibodi ɗaya kawai ka ga ko ɗigon zai ɓace. FRET, inda rini ɗaya ke miƙa wa ɗaya ƙarfin haske in sun kusanci juna, na aiki a ƙasa da nanomita 10. Akwai GFP, furotin mai haska kore, da aka raba biyu, rabi a kan ER rabi a kan mitokondiriya, in sun haɗu ya yi kore, amma ka yi hattara, da zarar sun haɗu ba sa sakin juna cikin sauƙi, ma'aunin da kansa ya zama igiya kenan, yana iya ƙara maka ɗaurin da babu shi tun asali.

Ko ba ka da ɗaya daga cikin na'urorin nan za ka iya koyon awon. Sauke Fiji, manhajar auna hotuna, kyauta ce, samo hoton maikiroskof na lantarki daga takardar da ke buɗe ga kowa wanda ke da sandar ma'auni a ƙasansa. Ja layi a kan sandar ka gaya wa manhajar tsayinta a nanomita. Bi gefen mitokondiriya ɗaya ka zagaye ta ka rubuta tsayin kewayen. Sannan ka bi sassan gefen da ER ya matso ƙasa da nanomita 30 kaɗai, ka auna su ka tara, ka raba da kewayen ka ninka da 100. Iyakar nan ta 30 ka tsayar da ita tun kafin ka fara, kar ka canza a tsakiya don sakamako ya yi maka daɗi, kuma in da hali abokinka ya sauya sunayen hotunan yadda ba za ka san wanne ne na gwaji wanne ne na kwatanci ba, domin hannu na bin abin da zuciya ke so. Don ka samu abin kwatantawa, Rizzuto da abokansa a 1998 sun ƙiyasta kashi 5 zuwa 20 cikin 100 na jikin mitokondiriya a sel ɗin HeLa, sel ɗin mutum da ake reno a lab, na kusa da ER. Kuma mitokondiriya hamsin daga sel guda ɗaya ba gwaji hamsin ba ne, wannan kuskuren na ganinsa kullum.

Mataki na biyar: cire shi ka ga abin da zai faru

In igiya ce, ka yanke ta ya kamata ɗaurin ya ragu. Ana kashe ƙwayar gadon da CRISPR ko a rage ta da siRNA sai a koma a auna. Sai dai sel ba ya dogara da igiya ɗaya. A 2012 Manford da abokan aikinsa a lab ɗin Scott Emr sai da suka cire furotin shida a yis, Ist2, Scs2, Scs22 da Tcb1, Tcb2, Tcb3, kafin ER ya saki tantanin wajen sel sosai, daga wajen kashi 40 ya sauko wajen kashi 5. Don haka in ka cire ɗaya ba ka ga canji ba, ba hujja ba ce cewa ba talala ba ne, wataƙila 'yan uwansa ne suka rufa masa asiri.

Nan ne kuma rigimar MFN2 take, wadda ta hana ƙanwata barci. A 2008 de Brito da Scorrano suka ce da aka cire MFN2 ER da mitokondiriya sun yi nesa da juna. A 2012 Cosson da abokansa suka duba da maikiroskof na lantarki suka ga ɗaurin ma ƙaruwa ya yi, a 2015 Filadi da rukunin Paola Pizzo suka samu irin haka, sai a 2016 ɓangaren Scorrano suka dawo da sababbin gwaje-gwaje suna kare matsayinsu. Abin da ya sa wannan ya yi wuya shi ne MFN2 na da wani babban aiki, shi ke haɗe mitokondiriya da 'yar uwarta, in ka cire shi sai su farfashe su canza siffa, siffa kuwa in ta canza awon haɗuwar launi shi ma ya canza ko da tazarar gaskiya ba ta motsa ba. Na ce mata a seminarki kar ki zaɓi gwani, ki zana tebur, kowace takarda ki rubuta wane sel suka yi amfani da shi, da me suka auna, wace tazara suka kira haɗuwa, za ki ga malaman da kansu sun gyara zama.

Mataki na shida: mayar da shi, ƙara shi, ko ka sa igiyar roba

Wannan ne ke rufe bakin mai musu. Bayan ka cire, mayar da lafiyayyen furotin ka ga ɗauri ya dawo. Sannan mayar da wanda ka lalata masa hannu ɗaya kawai, misali ka canza fenil'alanin biyun FFAT zuwa alanin, in wannan ya kasa gyarawa to ka nuna kamun ne ke aiki. Ƙara yawansa kuma ya kamata ɗaurin ya faɗaɗa, haka aka gani da VAPB da PTPIP51 a lab ɗin Christopher Miller a Landan a 2014.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Benoît Kornmann a lab ɗin Peter Walter a 2009. Ya ƙera igiyar roba, GFP a tsakiya, kai ɗaya na kama mitokondiriya ɗaya na kama ER, ya sa a cikin yis, sannan ya nemi yis ɗin da ba sa iya girma da kyau sai da wannan igiyar. Tunaninsa shi ne duk wanda igiyar roba ta ceta to igiyarsa ta asali ce ta tsinke. Ta haka aka gano ERMES, Mmm1 a ER, Mdm10 da Mdm34 a mitokondiriya, Mdm12 a tsakani. Ka lura ERMES babu shi a jikin mutum da dabbobi, kar ka rubuta a furojet ɗinka cewa yana hantar ɓera. Ga masu talalar besikil kuma, Wong da Munro a 2014 sun ɗauke goljin daga Golji suka dasa su a kan mitokondiriya, sai ga besikil sun bi su sun taru a can, kowane goljin da irin kayan da yake kamawa.

Ga mai son ya ware MAM da hannunsa

In sashenku na da santirifuj mai tsananin gudu, kuma ka samu izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji, ga yadda tsarin yake a taƙaice. A niƙa hanta a hankali cikin ruwan da ke kare mitokondiriya, komai a kan ƙanƙara. A juya a wajen 700 g, g ɗin nan ma'aunin ƙarfin juyi ne ba giram ba, don zubar da cibiyoyin sel da tarkace. Ruwan sama a juya shi a wajen 9,000 zuwa 10,000 g, abin da ya kwanta shi ne ɗanyar mitokondiriya da MAM manne da ita. A ɗora wannan a kan ruwan Percoll mai rarraba kaya bisa nauyinsu, kashi 30, a juya a 95,000 g na minti 30, za ka ga layi biyu, tatacciyar mitokondiriya a ƙasa, MAM fari-fari a samanta. A zuƙo shi a wanke, a ƙarshe a juya a 100,000 g na awa ɗaya. Ka tabbatar da janareto da mai kafin ka yanka dabba, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar juyi layukan sun gauraye, ran dabba ya tafi a banza, wannan kuwa abu ne da ya kamata ya dame mu. Bayan nan ka duba da westan bulot, gwajin gano furotin, FACL4 da kalneksin su fito a MAM, saitokurom c kuma kar ya yi yawa a ciki. Samun furotin ɗinka a MAM na nufin yana unguwar ne kawai, mataki na biyar da na shida suna nan suna jiranka.

Gwada matakan a kan wani abu da ya shafe mu

Idan igiyoyin nan suka samu matsala cuta na biyo baya. Canjin P56S a VAPB, wato sauyin amino asid na 56, daidai cikin sashen MSP, shi ke jawo wani nau'in ciwon shanyewar jijiyoyi na gado mai suna ALS8 da aka bayyana a 2004 a wani babban dangi a Brazil. Lalacewar VPS13A na kawo ciwon da jiki ke fizga jajayen ƙwayoyin jini kuma su yi ƙaya-ƙaya, VPS13C kuma an danganta shi da ciwon Parkinson mai farawa da wuri.

Amma aikin gida da na ba ƙanwata a kan Chlamydia trachomatis ne, ƙwayar da wasu nau'o'inta ke jawo ciwon idon nan tirakoma da ya daɗe yana makantar da mutane a ƙauyukan arewacin Najeriya da Nijar, wanda gashin ido ke juyawa ciki yana gogar ƙwayar ido. Ita wannan ƙwaya a cikin sel take zama, a cikin wata jaka tata, kuma ta iya satar igiyoyinmu. Tana dasa wani furotin nata mai suna IncD a jikin jakar ya jawo CERT, tana da wani kuma IncV mai ɗauke da FFAT irin namu da ke kama VAP kai tsaye ya jawo ER ya manne da jakar, Isabelle Derré da abokan aikinta suka nuna na farkon a 2011 na biyun a 2017. Na ce mata ki ɗauki IncV ki bi da shi ta matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ina turkensa, ina hannunsa, da wace na'ura suka ga ɗaurin, me ya faru da suka ƙara yawansa, me ya faru da suka lalata FFAT ɗin, sannan ki duba wane nau'in ƙwayar suka yi aiki da shi kafin ki ce sakamakon ya shafi ido kai tsaye. Bayan kwana uku ta turo min hoton takardarta, layi biyu ta zana da jan biro, IncV a tsakani, ta kewaye FFAT ɗin ta ja kibiya zuwa MSP, a gefe kuma ta rubuta tambayoyi biyu da take son ta kai wa sufabaizanta ranar Litinin.